Zaɓen Iri Kafin Shuka: Wace Linux Ta Dace da Ɗalibin Ƙasar Anka?

Gabatarwa

Mai yiwuwa ne mai karatu ya yi mamakin ganin maganar kwamfuta a cikin mujallar ɗaliban sashen Hausa, inda aka saba ganin nazarin waƙa da karin magana da tarihin garuruwa. Dalilina guda biyu ne. Na farko, harshe ba ya ƙara ƙarfi sai ana tattauna al'amuran zamani da shi. In muka bar maganar kwamfuta ga Turanci kaɗai, to mun sare wa Hausa wani reshe tun bai yi toho ba. Na biyu kuwa, tambayar da zan yi magana a kanta a cikin gidanmu ta taso, kuma na tabbata tana tasowa a gidaje da yawa na yammacin Zamfara, tun daga Duza da sauran ƙauyukan Anka har zuwa Bukkuyum da Gummi. Tambayar ita ce: yaron da ya sami shiga jami'a domin koyon rubuta manhaja, iyaye kuma suka yi ta maza suka saya masa tsohuwar kwamfuta, wace babbar manhaja ya kamata ya ɗora mata?

Mece ce Linux?

Kowace kwamfuta, kome tsadarta, ƙarfe ce da roba da waya har sai an ɗora mata abin da ake kira babbar manhaja. Aikin babbar manhaja kamar na maigida ne a gandu. Ita ke raba wa sauran manhajoji wurin aiki, ta raba musu lokaci, ta tsare rumbu, sa'an nan ta hana wannan shiga kunyar wancan. Wadda aka fi sani a ƙasarmu ita ce Windows ta kamfanin Microsoft. Ita sayen ta ake yi, kuma asalin rubutun umarnin da aka gina ta da shi yana hannun kamfanin, ba a yardar wa kowa ya gyara ko ya raba ba.

Linux kuwa wata hanya ta biyo. A 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya fara wani shiri da ya kira GNU, da nufin a sami babbar manhaja wadda kowa zai iya karanta cikinta. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, watau Linus Torvalds, ya rubuta ƙwayar, wadda ita ce ɓangaren da ke magana da ƙarfen kwamfuta kai tsaye. A 1992 ya saka ta ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya bai wa kowa damar ya yi amfani da ita, ya karanta, ya gyara, ya kuma raba, bisa sharaɗin duk wanda ya raba gyararriyar sai ya bayar da asalin rubutunsa kamar yadda shi ma aka ba shi. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin ya san aikin gayya. Wannan gayya ta yi albarka ƙwarai. Wayar Android da ke aljihun mai karatu a kan ƙwayar Linux aka gina ta, kuma tun daga Nuwamba 2017 dukkan kwamfutoci 500 da suka fi ƙarfi a duniya Linux suke amfani da ita.

To, amma ƙwaya kaɗai ba ta isa aiki. Saboda haka ƙungiyoyi da kamfanoni daban-daban sukan ɗauke ta su haɗa da kayan aiki da fuskar da mutum zai riƙa gani, su fitar da ita da sunansu. Irin wannan haɗi ya kai ɗaruruwa. Na daɗe ina neman sunan da zan kira shi da Hausa, daga baya na ga babu kalmar da ta fi "iri" dacewa, domin a harshenmu tana nufin nau'i, tana kuma nufin abin da manomi ke ajewa domin shuka. Duka ma'anonin biyu sun shafi abin da nake son faɗi.

Yadda Tambayar Ta Zo Gidanmu

A 2025 ƙanena ya sami shiga Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, domin karatun kimiyyar kwamfuta. Mahaifinmu ya sayar da raguna biyu da 'yan buhunan wake aka saya masa kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu. Ma'adanarta ta wucin gadi giga 4 ce, batirinta kuwa ya sha jiki. Ta zo da Windows 10 wadda babu wanda ya san asalinta. A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, sai ga wanda ya shiga wani shiri na ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa tana bukatar sabuwar ƙwaƙwalwa da wani ɗan guntun kayan tsaro wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi, tamu ma ba ta da shi.

Da yake ni na jima ina buga ayyukana na Hausa a kan Linux, sai yaron ya kawo mini kuka. Ya ce, "Yaya, abokaina kowa da abin da yake faɗi. Wannan ya ce Kali, wancan ya ce Arch, wani ma cewa ya yi wanda bai iya Arch ba bai fara karatu ba." Mahaifinmu yana gefe yana saurare. Bai san Kali ba, bai san Arch ba, amma ya faɗi maganar da ta fi ta kowa nauyi. Ya ce, "Ku dai zaɓa masa wadda za ta kai shi ƙarshen karatu, don ba ni da wasu ragunan."

Wannan magana ita ta zama mini ma'auni. Manomin ƙasarmu in zai zaɓi iri, abu uku yake dubawa: ƙasar gonarsa, jigawa ce ko fadama, ruwan da yake sa ran samu, da kuma abin da maƙwabtansa suka shuka. Da waɗannan uku na auna.

Ma'auni na Farko: Ƙasar Gona

Ƙasar gona a nan ita ce kwamfutar kanta. Wanda ya shuka shinkafa a kan tudu bai yi wa shinkafa adalci ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke cin ƙarfin ƙaramar kwamfuta shi ne fuskar, watau tagogi da hotuna da jerin abubuwan da mutum ke latsawa. Akwai fuskoki masu nauyi, kamar GNOME wadda Ubuntu da Fedora ke zuwa da ita, akwai kuma marasa nauyi kamar Xfce da LXQt. Mai giga 4 yana bukatar ya bar wa aikin karatunsa fili, domin da zarar ya buɗe shafukan intanet biyar tare da manhajar rubuta Java, ma'adanar ta cika. In fuska ta riga ta cinye kaso mai tsoka, sai kwamfutar ta riƙa jan ƙafa, yaro kuma ya ɗauka kansa ne ba ya ja.

Har wa yau, a duba ko kwamfutar ta tsarin 64 ce ko ta tsohon tsarin 32. Ubuntu ta daɗe da barin tsarin 32, Debian ma ta daina fitar da faifan ɗora shi tun daga fitowarta ta 13 a watan Agusta 2025. Duk wanda zai sayi kwamfuta ta hannu, ya tambayi wannan kafin ya biya. Akwai kuma wata dabara mai sauƙi: yawancin ire-iren Linux ana iya zuba su a filashi a tayar da kwamfuta da su ba tare da an taɓa abin da ke cikinta ba. Ta haka mutum zai ga ko sauti na fita, ko tana kama intanet, ko allon rubutu na aiki, tun kafin ya yanke shawara.

Ma'auni na Biyu: Ruwa

Ruwa a wannan gona shi ne intanet da wutar lantarki, kuma a nan ne shawarar da ake bayarwa a Turai da Amurka take saɓa wa halinmu. Masu ba da waccan shawara sun ɗauka intanet kamar iska ce, kullum tana nan. Mu kuwa mun san ba haka ba ne. A farkon Satumba 2021 an rufe layukan sadarwa a duk faɗin Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, wasu yankunan suka shafe fiye da wata biyu babu ko kiran waya. A Janairu 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Ko a kwanakin lafiya, akwai ƙauyukan da sai mutum ya hau tudu kafin saƙo ya fita. Ɗalibin da ya zo hutu gida yana iya yin makonni bai ga sabis mai ƙarfi ba, caji kuwa sai a shagon mai sola.

Ire-iren Linux sun kasu biyu ta wannan fuska. Akwai masu sabuntawa kullum ba tsayawa, babbansu shi ne Arch, wanda Judd Vinet ɗan Kanada ya fara a 2002. Shi ba ya da fitowa ta ɗaya ko ta biyu. Gyare-gyare na kwarara ne a kai a kai, kuma ana son mai shi ya riƙa saukewa yana karanta sanarwa. Irin wannan shukar fadama ce, ba ta jure ƙishi. Akwai kuma masu fitowa lokaci-lokaci. Fedora, wadda kamfanin Red Hat ke ɗaukar nauyinta tun 2003, takan fito kusan duk wata 6, kuma kowace fitowa wata 13 ko kusa da haka ake kula da ita. Ma'ana, ɗalibi mai shekara huɗu a jami'a sai ya yi babban sauyi aƙalla sau uku, kowane kuma da kuɗin datarsa.

Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, ita ce geron wannan gona. Takan fito kusan duk shekara biyu, ba ta gaggawa, kuma taskarta na ɗauke da ƙunshin manhajoji fiye da 60,000. Ana iya sauke babban faifanta sau ɗaya a ɗora ta ko babu intanet. Daga jikinta Ubuntu ta fito a Oktoba 2004, a hannun Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu. Sunan ma daga harsunan Zulu da Kosa aka ɗauko shi, ma'anarsa kuwa ta yi kusa da abin da muke nufi in mun ce mutum sai da mutane. Duk shekara biyu, a watan Afrilu, Ubuntu takan fitar da wadda ake kula da ita shekara 5. Daga jikin Ubuntu kuma Linux Mint ta fito a 2006, aikin wani Bafaranshe mai suna Clément Lefèbvre. Mint 22, wadda ta fito a Yuli 2024, za a ci gaba da kula da ita har 2029. Faifanta kusan giga 3 ne, alhali na Ubuntu 24.04 ya kusa giga 6. Ga mai sayen data da kuɗin abincinsa, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

A nan ne kuma lasisin da na ambata ya nuna amfaninsa. Mutum ɗaya in ya sauke faifan a Gusau, yana iya zuba wa ajinsu duka, a kai shi Anka, a kai Gummi, kowa ya ɗora, ba a saci kayan kowa ba. Wanda ya taɓa karɓar manhajar da aka fasa ƙofarta a rumfar kasuwa, ya kwashi ƙwayoyin cutar kwamfuta tare da ita, ya san darajar wannan.

Ma'auni na Uku: Maƙwabta

Manomi ya san in geronsa ya nuna shi kaɗai a cikin karkara, tsuntsayen gari duka a gonarsa za su sauka. Haka abin yake ga ɗalibi. Ranar da kwamfuta ta ƙi tashi ana saura kwana biyu a miƙa aiki, abin da zai cece shi shi ne a sami wani kusa wanda ya san irin nasa. Littattafai da darussan koyon rubuta manhaja da yawa, in sun zo bayanin Linux, umarnin Debian da Ubuntu suke kawowa. Da yake Mint daga wannan zuriya take, umarnin da aka rubuta domin Ubuntu yawanci yakan yi aiki a kanta ba tare da sauyi ba. Matambayi ba ya ɓata, amma fa sai in akwai wanda za a tambaya.

Game da Kali kuwa, wadda samari ke ɗoki saboda sun ga ana nuna ta a finafinai, ya kamata a faɗi gaskiya. An fitar da ita a 2013 domin ƙwararrun da aikinsu shi ne gwada tsaron kwamfutocin ma'aikatu da izinin masu su. Su kansu masu ita sun yi gargaɗin cewa ba domin sabon shiga aka yi ta ba, ba kuma domin aikin yau da kullum ba. Ɗan aji ɗaya da bai gama sanin yadda ake jera umarni ba, in ya fara da Kali, karambanin akuya ne, gai da kura. Arch ma makaranta ce mai kyau, domin mai ɗora ta da hannu yakan san kowane lungu na kwamfutarsa. Sai dai lokacinta na zuwa, kuma ba a kan kwamfutar da ita kaɗai gida ya mallaka ba.

Inda Muka Tsaya

Da na haɗa waɗannan ma'aunai uku, sai na ba ƙanena shawarar Linux Mint mai fuskar Xfce. Ba ta da nauyi, wa'adinta ya kusa kai shi ƙarshen karatu, kuma tsarin fuskarta bai yi nisa da abin da ya saba gani ba. Na kuma gindaya masa sharuɗɗa uku. Na ɗaya, duk lokacin da yake inda sabis ke da ƙarfi ya sauke kayan aikinsa gaba ɗaya: mai fassara harshen C, da Java, da Git, da littattafan bayanin Python waɗanda ake karantawa ko babu intanet. Na biyu, ya aje filashi guda wanda ba a taɓawa, mai ɗauke da faifan ɗorawa, da wani kuma na ajiyar ayyukansa. Riga-kafi ya fi magani. Na uku, kada ya sauya iri har sai ya gama shekara guda. Akwai wata cuta da ke kama sababbin shiga, ta yau a ɗora wannan gobe a goge a ɗora wancan, har zango ya ƙare ba a rubuta manhaja ko ɗaya ba. Wanda ke tone shukarsa kullum don ya ga ko ta yi saiwa, ba zai kai kaka ba.

Ba na cewa wannan ita ce amsar kowa. Mai kwamfuta mai giga 8 ko fiye, wanda ke zaune a birni, Ubuntu ko Fedora za su yi masa daidai. Mai haƙuri da son sanin tushe, Debian ta ishe shi. Sa'an nan akwai wani hanzari da bai kamata a ɓoye ba. Wasu darussa ana koyar da su ne da manhajojin da Windows kaɗai suke hawa, kamar Microsoft Access da babbar Visual Studio. Saboda haka kafin a goge kome, ɗalibi ya je ya tambayi malamansa abin da za a bukata. In akwai irin waɗannan darussa, ana iya raba rumbun kwamfuta biyu, Windows a gefe Linux a gefe, ko kuwa a yi wancan aikin a ɗakin kwamfutocin makaranta. Kuma kowace hanya aka bi, a fara kwashe muhimman takardu zuwa wani wuri.

Abin da Ya Shafe Mu a Sashen Hausa

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai za su ce, to mu ina ruwanmu? Ruwanmu na nan. Tun kafin a fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, masu rubutun boko ke fama da haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ. A zamanin tafireta sai an gama bugu a bi da alƙalami ana lanƙwasa musu kai. Har yau muna ganin takardu inda ba a bambanta "ƙafa" da "kafa", ko "ɗaki" da "daki". Ire-iren Linux da na ambata suna zuwa da tsarin allon rubutu na Hausa a cikinsu; zaɓar sa kawai mutum zai yi. Wannan shi ya fara kai ni gare ta.

Abu na biyu ya fi wannan girma. Da yake ƙofar waɗannan manhajoji a buɗe take, kowa na iya fassara kalmomin da ke fuskarsu zuwa harshensa, ba sai ya nemi iznin wani kamfani ba. A tsakiyar shekarun 2000 an yi wani yunƙuri a Nijeriya mai suna Wazobia Linux, wanda ya fito da fuska cikin Hausa da Yarabanci da Ibo. Aikin fassara irin wannan ba a gama shi rana ɗaya, domin kullum sababbin kalmomi na shigowa, kuma har yanzu abin da ya rage na Hausa ya fi abin da aka yi yawa. Ɗalibin kwamfuta ya san abin da umarni ke yi, amma ba lalle ne ya san kalmar da ta dace da shi ba. Mu kuma mun san kalma, ba mu san cikin injin ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kammalawa

A taƙaice, wanda zai zaɓar wa ɗalibi Linux ya dubi ƙarfin kwamfutarsa, ya dubi intanet da wutar da yake samu a makaranta da gida, ya kuma dubi waɗanda za su taimake shi ranar da abu ya cije. Sunan da ya fi amo a bakin samari ba ya cikin lissafi. Kalmomin da na yi amfani da su a nan, irin su "ƙwaya" da "fuska" da "iri", na ajiye su gaban malamai da ɗalibai domin a tace. Wanda ya ga wadda ta fi, ya kawo. Ina kuma kira ga ƙungiyar ɗaliban Hausa ta nemi takwararta ta sashen kwamfuta, a zauna ko sau ɗaya ne a zango, a ɗauki manhaja guda a fara fassarawa. In an yi haka, yaron da zai zo daga Duza ko Bukkuyum nan da shekara goma zai buɗe kwamfutarsa ta yi masa magana da harshen da ya tashi da shi.